Masu tallar "saƙo a kulle" tsakanin wakilan AI su faɗa mana inda ake buɗe shi

Malam Edita, assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin mu ja hankalin ƴan uwanmu masu rubuta manhaja a Yamai da sauran garuruwan Nijar.

Wakilan AI manhajoji ne da ake damƙa wa aikin rubuta wata manhajar: wannan ya rubuta, wancan ya gwada, na uku ya duba kurakurai, suna aika wa juna saƙo. Tun da kamfanin Anthropic ya fito da MCP, ƙa'idar haɗa wakili da kayan aiki da bayanai, a Nuwamban 2024, Google kuma ya biyo da A2A, ƙa'idar da wakilai ke magana da juna, a Afrilun 2025, sanarwar sababbin kayan haɗa waɗannan wakilai ta yawaita, kuma sau da yawa kalmar jan hankalin ɗaya ce, wai komai a kulle yake, wato an juya rubutun yadda sai mai mabuɗi kaɗai zai iya karanta shi. Samarinmu da ke yi wa shagunan magani da kamfanonin aika kuɗi aiki suna karɓar maganar hannu bibbiyu.

Kulli iri biyu ne. TLS, wanda sigarsa ta 1.3 ta fito a 2018, yana rufe saƙo daga kwamfutarka zuwa sabar kamfani, wato babbar kwamfutarsa, a can a buɗe shi, a sake rufewa, a tura gaba. Ɗayan kuwa mai aikawa da mai karɓa kaɗai ke da mabuɗi, irin na manhajar Signal, wanda WhatsApp ya kammala ɗauka a 2016. A 2020 Zoom ya tallata na biyun alhali mabuɗan suna hannunsa, har hukumar FTC ta Amurka mai kare masu saye ta shiga maganar. Duk sanarwar da ba ta bambance su ba, ba ta faɗi komai ba.

Ko da na biyun ne da gaske, da sauran rina a kaba. Galibin wakilan nan ba a kwamfutarka suke tunani ba. Wakili yana buɗe saƙon, ya ɗauki abin da ke ciki ya aika wa babbar ƙwaƙwalwar AI da ke sabar wani kamfani a ƙasar waje, ya jira amsa. Kamar mutum biyu ne da ke liƙe ambulan da kyau, amma kowannensu sai ya kai wa magatakarda ya karanta masa. In ba a kan na'urarka ƙwaƙwalwar take aiki ba, akwai na uku da ke ganin rubutun a fili, kuma sunansa ya kamata ya fito a layin farko na sanarwa.

Sai batun mabuɗi. A tsarin X25519, wanda ake musayar mabuɗi da shi, kowa na da mabuɗin fili da yake rabawa da mabuɗin sirri da yake ɓoyewa; na sirrin bayit 32 ne kacal, wato ɗan gajeren rubutu ne. Idan aka ajiye shi a fayil cikin jakar da wakilin ke aiki, yana iya karanta shi, ya zuba shi cikin rahoton aikinsa, ko ya tura shi GitHub, dandalin intanet na ajiye manhajoji, tare da sauran fayiloli. Gyaran shi ne wata ƙaramar manhaja daban ta riƙe mabuɗin, wakili ya roƙe ta ta kulle ko ta buɗe, shi kuwa kada ya taɓa ganinsa. A kuma tambaya: wa ke shaida cewa mabuɗin fili na wakilin can nasa ne? In kamfanin da ke tsakiya ne ke raba mabuɗai, yana iya sauya ɗaya da nasa ba wanda ya sani. Dole mutum ya samu hanyar gwada lambar shaidar mabuɗin ta wata kafa daban, ko da ta tarho ce.

Akwai matsalar da ta fi shafarmu mu da kuran ke ɗaukewa, rezo kuma na yankewa. Tsarin kulle saƙo na AES-GCM yana buƙatar wata lamba mai bayit 12 ga kowane saƙo, kuma ba a maimaita ta da mabuɗi ɗaya. Wasu suna ƙirga ta daga sifili a ƙwaƙwalwar wucin gadi ta na'ura. Kuran ya ɗauke, kwamfuta ta tashi, ƙirga ta koma sifili, lambar ta maimaitu. Daga nan mai saurare zai iya haɗa saƙonnin biyu ya tsamo abin da ke ciki, har ya ƙirƙiro saƙon ƙarya da zai wuce kamar na gaske. Maganin ko dai a rubuta ƙirgar a faifai kafin a aika, ko a yi sabon mabuɗi duk lokacin da aka tashi, ko a koma wani tsarin kullewa, XChaCha20, mai lamba bayit 24 da ake zaɓa da ka. Haka idan rezo ya yanke aka sake turo saƙo, mai karɓa ya gane ya riga ya gan shi, don kada umarnin goge bayanai ya gudana sau biyu.

Kulli kuma ba ya tsarkake magana. Idan wakili ya karanta shafin intanet da aka cusa wa umarnin ɓoye, zai iya miƙa shi ga abokinsa a kulle, da sa hannu ingantacce, abokin kuma ya aikata. A nan ne muke ganin kuskure mafi girma a wasu tallace-tallacen, inda ake alfahari da cewa babu mai iya karanta hirar wakilan. Mai aikin fa? Shi zai amsa tambaya in bayanan marasa lafiya ko na masu ajiya suka fita, kuma Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai sa ido a kanta. Ya zama yana da nasa mabuɗin da zai karanta duk abin da wakilansa suka faɗa wa juna.

Muna roƙon ƴan jarida da malaman kwamfuta na Jami'ar Abdou Moumouni, in irin wannan sanarwa ta iso gare su, su nemi kamfanin ya rubuta inda saƙo ke buɗewa, wanda ke riƙe da mabuɗi, kwana nawa ake ajiye bayanin wa ya yi magana da wa, da sunan waɗanda suka binciki manhajar daga waje tare da rahotonsu. Wanda ya ƙi bayarwa, kada a sa masa bayanan jama'a.

Wassalam.

Daga wasu masu rubuta manhaja, Yamai