Takardar Koke Zuwa ga Mai Girma Hakimi Kan Mutuwar Sabis da Rufe Ɗakin Kwamfuta

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da addu'ar Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da imani, mu talakawanka na ƙauyukan bakin iyaka da Nijar a arewacin Jihar Katsina mun kawo kukanmu gabanka, domin ɗa ba ya da wurin kai ƙara da ya wuce gaban ubansa.

Ranar kasuwar da ta wuce, fatake sun zo da niyyar sayen dabbobi da wake, aka yi ciniki aka sallama, amma tiransifa ta ƙi tafiya saboda ƙarfen sabis ɗaya tilo da muke da shi ya mutu tun makonni. Masu POS suka naɗe rumfunansu tun kafin azahar, masu kaya kuma suka koma gida da dabbobinsu. A cikin satin ne aka rufe rajistar wani shirin koyon sana'ar kwamfuta, yaranmu na kan tudu suna laluben sabis ɗin Nijar. Ranka ya daɗe, wannan ya yi mana ciwo matuƙa.

Mun daɗe muna haƙuri. An rufe iyaka a Agustan 2019, aka hana kawo man fetur garuruwan da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, a 2021 aka katse layukan waya saboda tsaro, a 2023 aka sake rufe iyakar bayan juyin mulkin Nijar. Duk mun ce to. Muna jin a rediyo cewa tun 2022 aka sa hannu kan dokar tallafa wa sababbin kamfanonin fasaha, kuma shirin 3MTT na Gwamnatin Tarayya zai horar da mutum miliyan 3 a kan sana'o'in fasahar kwamfuta, amma ta yaya yaron da ba ya iya cajin waya a garinsu zai shiga? Ɗakin kwamfutar da aka buɗe mana da biki yana nan a kulle, baturan sola sun mutu, gara na cin tebura. Mun rubuta, mun tura wakilai, mun sake rubutawa, amsar dai ita ce a dakata.

Muna roƙon alfarma ka isar da kukanmu ga Mai Martaba da hukumomi, a gyara ƙarfen sabis kafin kaka ta shigo, a sa masa sola, a buɗe ɗakin kwamfuta da malami mai zama cikinmu, a kuma ware wa yaran iyaka gurbi tare da rajista ta takarda. Gadin kayan, wannan mun ɗauka a wuyanmu. Muna sake roƙo, a fara da sabis.

Allah ya ƙara girma.

Mu ne masu biyayya,
Dattawa, 'yan kasuwa, mata masu sana'a da matasan ƙauyukan iyaka.