Kafin a Kafa Lilo, a Duba Ƙasan da Yaro Zai Faɗa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in ja hankalin iyaye da masu makarantu a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. A 'yan shekarun nan, a nan Kaduna, daga Malali da Unguwar Rimi har Barnawa da Rigasa, da wuya mutum ya shiga makarantar ƙananan yara ko sabon gida mai yalwar fili bai ga lilo da abin zamiya da ƙarfen hawa ba, an shafe su da fenti ja da kore. Wannan abin farin ciki ne, domin yaro sai da wasa. Abin da ke damuna shi ne ƙasan da ake kafa su a kai, wanda sau da yawa daɓen siminti ne ko intalok, saboda mai gida yana son wurin ya yi kyan gani kuma ya yi sauƙin shara.

Duk wanda ya yi renon yara ya san cewa faɗuwa ba ta da makawa, kuma ita ce kan gaba wajen jikkata yara a filin wasa. Abin da ke raba ƙujewar gwiwa da karayar hannu ko buguwar kai shi ne tsawon inda yaron ya faɗo da taurin abin da ya tarbe shi. Hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka ta faɗa ƙarara cewa kankare da kwalta, har ma da ƙasa zalla da ciyawa, ba su dace a ƙarƙashin kayan wasan hawa ba. Ƙa'idar Turai ta amince da ciyawa ne kawai idan faɗuwar ba ta wuce kimanin mita 1 ba. A nan Kaduna ma lamarin ya fi haka, domin ciyawar da ta yi shar a watan Agusta takan ƙone ƙurmus da shigowar hunturu, ƙafafun yara su murje ragowar, jar ƙasarmu kuma ta bushe ta yi tauri kamar daɓe.

Masu hali sukan shimfiɗa kafet na ciyawar roba a kan siminti su ɗauka sun gama. Idan babu katifar roba mai kauri a ƙarƙashinsa, ado ne kawai, kan yaro siminti zai daka. Tabarmin roba na gaskiya, waɗanda aka gwada aka rubuta tsawon faɗuwar da suke ɗauka, suna da kyau, amma suna da tsada, kuma a zafin Maris da Afrilu baƙar roba takan ɗauki zafin da zai ƙona tafin ƙafar yaro, alhali yaranmu ba kowane lokaci suke sa takalmi ba. Wanda zai saya ya nemi takardar gwajin, ya kuma tanadi inuwa. Gutsattsarin katako yana tare faɗuwa sosai, sai dai gara ba za ta bar shi ba, damina kuma ta ruɓar da shi. Ƙananan tsakuwa kuwa ban yarda da ita ba inda 'yan ƙasa da shekara 3 ke wasa, domin baki da hanci da kunne suke kai ta.

A ganina, abin da ya fi dacewa da aljihunmu da yanayinmu shi ne yashin kogi, wanda tifa ke kawowa har ƙofar gida, amma da sharaɗin a yi aikin yadda ya kamata. Barbaɗa yashi inci 2 a kan ƙasa ba ya hana komai. Shawarar waccan hukuma ta Amurka ita ce a zuba inci 12, wato santimita 30, domin bayan ya kwanta ya rage inci 9 aƙalla, kuma a wannan kaurin ta ce yashi yana kare faɗuwar da ba ta wuce ƙafa 4 ba. Ke nan kafin a je kasuwar Panteka a ba mai walda aiki, sai a fara yanke shawara a kan tsawon abin hawan, kada a bari ya yi dogon da ƙasan ba zai iya ɗauka ba.

Faɗin wurin ma abin lura ne, domin yaro ba ya faɗuwa daidai gindin ƙarfe. Ana buƙatar ƙafa 6 ta kowace fuska, lilo kuwa ninki biyu na tsawonsa gaba da baya: idan sandar sama ƙafa 8 ce, to ƙafa 16 gaba, 16 baya, babu katanga, babu bakin kwata, babu tankin ruwa. Na taɓa ganin lilo da aka kafa taku uku daga bakin rijiya mai murfin ƙarfe, yarinya tana shillawa sama ƙafafunta na wucewa ta kan murfin, manya suna zaune a tabarma suna hira.

A haƙa ramin da za a zuba yashin da zurfi, a fara shimfiɗa tsakuwa a can ƙasa tare da hanyar da ruwa zai bi ya fita, in ba haka ba ruwan Agusta zai mai da wurin kududdufi. Yashin ya zama wankakke, an tankaɗe shi, ba mai haɗe da laka ba, domin mai laka yakan dunƙule idan ya sha ruwa ya bushe. Kankaren da ke riƙe ƙafafun lilon a binne shi ƙasa da yashin gaba ɗaya.

Sai kuma kulawa, wadda a nan ne yawancinmu muke sakaci. Ƙarƙashin lilo da bakin abin zamiya su ne suke fara zama rami, don haka sai an riƙa jan yashin da manjagara ana mayarwa, ana duba kwalba da ƙusa da kunama. Da dare a rufe shi da tamfol, saboda kyanwa da kare suna son yin kashi a yashi, kuma kashinsu na iya ɗauke da tsutsar da ke shiga fatar ƙafa. Yana da kyau a ja layin fenti a jikin ƙarfen daidai inda yashi ya kamata ya tsaya, da zarar ya yi ƙasa da layin a ƙaro.

Ina kira ga hukumar tabbatar da ingancin makarantu ta Jihar Kaduna da ta sa wannan cikin abubuwan da jami'anta ke dubawa yayin ziyarar makarantu, haka ma hukumar tsara birane ta jihar, wato KASUPDA, idan za ta amince da tsarin wuraren shaƙatawa na yara. Iyaye kuma, ranar da za ku kai yaro sabuwar makaranta, bayan kun ga aji da banɗaki, ku nemi a kai ku filin wasa ku taka ƙarƙashin lilon da ƙafarku.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani mahaifi daga Unguwar Dosa, Kaduna.