Haddar Salon Maganar Turanci Ba Ta Wadatar da Ɗalibanmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan yadda ake koya wa yaranmu salon maganar Turanci, wato maganganun nan da ma'anarsu ba ta kan fatar kalmominsu. Na daɗe ina koyar da Turanci a makarantun sakandare a nan Kano, kuma abin da na saba gani shi ne, da zarar jarrabawar WAEC ko NECO ta ƙarato, sai a cika allo da irin waɗannan maganganu, ɗalibai su haddace kamar aku, ba tare da an nuna musu inda ake faɗarsu da inda ba a faɗa ba.

Illar hakan na gan ta da idona. Wani ɗalibina ya rubuta wa malaminsa takardar ta'aziyyar rasuwar mahaifinsa, sai ya sa "kicked the bucket", domin an koya masa cewa ma'anarta mutuwa. Ma'anar daidai ce, amma Bature yana faɗar wannan ne cikin raha ko rashin damuwa, kamar yadda Bahaushe zai ce wane ya sheƙa barzahu. Wa zai shiga zaman makoki a Gwale ya faɗi haka? A can sai dai a ce ya riga mu gidan gaskiya. Yaron bai yi da mugun nufi ba, fassara aka ba shi, ba a ba shi ladabin maganar ba.

A ganina maganin yana cikin harshenmu. Idan Bature ya ce "raining cats and dogs", babu kyanwa babu kare a zancen, ruwa ne ake yi kamar da bakin ƙwarya. Idan ya ce mutum ya yi "bite off more than he can chew", wato ya gutsuri abin da ya fi ƙarfin taunarsa, ai duk Bakano ya san wanda ya ɗauki Dala ba gammo. Shi kuwa "pull someone's leg" zolaya ce kawai, ba jan ƙafa ba.

Wasu kuma sai an ba da tarihinsu sannan su zauna a kai. "Carry coals to Newcastle" ta samo asali ne daga birnin Niyukasul na arewa maso gabashin Ingila, wanda a da ya shahara da fitar da kwal, saboda haka kai masa kwal aikin banza ne. Da na ce wa ɗalibai kamar mutum ya ɗauki goro ya kai Gwanja ne, inda fatakenmu na da suke zuwa sarinsa, ban sake maimaita darasin ba.

Saboda haka ina kira ga malaman Turanci da su riƙa zama da takwarorinsu na Hausa kafin su shiga wannan darasi, su nemo wa kowace magana 'yar'uwarta, su kuma bayyana wa ɗalibai wadda ta dace da takardar hukuma da wadda ba ta wuce hirar abokai ba.

Naka,
Wani malamin makaranta,
Gwale, Kano.