Auna Tashoshin Jiragen Ruwa: A Sa Jinkirin Kaya Cikin Lissafi

Ya Edita,

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in yi tsokaci kan rahoton Bankin Duniya da kamfanin S&P Global, wanda ke jera tashoshin kwantena gwargwadon saurin aikinsu. A rahoton da ya shafi shekarar 2023 an auna tashoshi 405, inda Yangshan ta ƙasar Sin ta zo ta ɗaya, Salala ta Oman ta biyo baya.

Ma'auninsu shi ne tsawon lokacin da jirgi ke yi a tasha kafin ya tashi. Wannan ya yi wa masu jiragen daidai, don kowace awa da jirgi ya ɓata asara ce. Ɗan kasuwa kuwa kayansa yake jira. Ana iya sauke kwantena cikin hanzari, jirgi ya kama gabansa, sannan ta yi makonni a filin tasha tana jiran binciken kwastan, ko takardu, ko motar da ta maƙale a cunkoson ƙofa. Duk tsawon nan kuɗin ajiya na hauhawa, kuma mai saye ne zai biya a ƙarshe. Wannan jinkiri bai shiga lissafin ba.

Shawarata ita ce hukumomin tashoshi su riƙa wallafa matsakaicin kwanakin da kwantena ke yi daga saukewa zuwa fita, a kuma fayyace nawa ne na kwastan, nawa na masu tasha, nawa na mai kayan. Sai Bankin Duniya ya haɗa da wannan a rahotonsa na gaba.

Naka,
Wani mai karatu