Rahoton Ayyukan Ƙungiyar Jagororin Jiragen Ruwa na Shekarar 2025

Assalamu alaikum 'yan'uwa mambobi. Kwamitin gudanarwa yana gabatar muku da bayanin abin da aka yi a wannan shekara a tashoshin jiragen ruwa na Apapa, Tin Can da Lekki da ke Legas, inda mambobinmu ke shigar da manyan jiragen ruwa da fitar da su dare da rana.

Aikin da ya fi cin lokacin kwamiti shi ne batun tsanin igiya, kuma muna ganin ya cancanci hakan. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan ƙaramin jirginmu da asuba a wajen bakin mashigar Legas, raƙuman ruwa suna ɗaga shi suna sauke shi yayin da yake jiran lokacin da zai miƙa hannu ya kama tsanin da ke lilo a jikin jirgi mai tafiya, ya san cewa a waɗannan 'yan daƙiƙoƙi ransa yana hannun Allah, sannan yana hannun wanda ya ɗaura igiyar. Dokar SOLAS, wato yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan kare rayuka a teku, ta fayyace cewa idan hawan ya wuce mita 9, wajibi ne a haɗa tsanin igiya da matakalar jirgi, kuma jami'i mai riƙe da rediyo ya tsaya a wurin. Duk da haka mambobi sun kawo ƙorafi kan jiragen da suka sauko da tsani mai ruɓaɓɓiyar igiya, ko wanda aka ɗaura a jikin ƙarfen dogarawa maimakon wurin da aka tanada. Wani ɗan'uwanmu ya ga matakin katako ya tsage a ƙarƙashin ƙafarsa, sai da ya rataya da hannu kafin ya koma ƙasa lafiya.

Saboda haka kwamiti ya yanke shawarar cewa duk jagoran da ya ƙi hawa tsanin da bai cika ƙa'ida ba, ƙungiya tana bayansa, ko da kyaftin ya matsa masa da zancen jinkiri. Mun kuma bayyana wa mambobi gyaran da hukumar IMO, mai kula da sufurin ruwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta amince da shi a watan Yunin 2025 kan wannan doka, wanda zai fara aiki ranar 1 ga Janairun 2028.

A fannin horo, an mai da hankali kan Lekki, domin zurfinta ya kai mita 16.5, jiragen da ke zuwa can sun fi waɗanda muka saba da su a Apapa girma, juya su kuma yana bukatar cikakkiyar fahimta da matuƙan jiragen da ke jan manyan jirage. An yi nazarin hatsarin jirgin Dali, wanda wutarsa ta ɗauke ya bugi gada a Baltimo ta Amurka ranar 26 ga Maris 2024, inda kiran gaggawar da jagororinsa suka yi ya sa aka tsayar da motoci kafin gadar ta rufta, ko da yake ma'aikatan gyaran titi 6 da ke kan gadar sun rasu. An kuma maimaita darasin aiki da na'urar rada a lokacin hazon hunturu.

Matuƙan ƙananan jiragenmu, waɗanda ke manna mu a jikin jirgi a tsakiyar damina ba tare da gajiyawa ba, sun nemi a riƙa sa su cikin atisayen ceto wanda ya faɗa ruwa, kuma an amince. Ma'aji zai karanta bayanin kuɗi a babban taro, inda za a tattauna sabunta rigunan kariya da suka tsufa.