Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2024

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma shugaba, iyayen ƙungiya da 'yan uwa mambobi, ga rahoton sakataren ƙungiyarmu ta masu kula da na'urorin kwamfuta da intanet kan abin da aka yi a 2024 da abin da ya rage.

An yi tarukan wata-wata duka, in ban da na watan azumi da na Oktoba, kuma bayanansu na nan a zaurenmu na WhatsApp.

Babban aikin da kuka ɗora wa kwamitin fasaha a farkon shekara shi ne ya raba gardamar da ta daɗe tana cin lokacin taro: da wace manhaja za mu riƙa sa ido kan sabar (kwamfutar da ke riƙe bayanai da manhajojin aiki) da rauta (na'urar raba intanet) na shaguna, makarantu da asibitocin da muke kula da su, kuma ina za a riƙa ajiye alƙaluman cinikinsu na shekara da shekaru. Tun a zaman farko aka cire masu karɓar kuɗi da dala a kan kowace na'ura, irin su Datadog. Ba wai aikinsu ba shi da kyau ba ne. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da ake saya a kusan naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma babu mai kantin magani a Sabon Gari da zai yarda da kuɗin wata da bai san nawa zai zama gobe ba. Nagios ma an ajiye shi, duk da cewa da shi da yawa cikin dattawanmu suka fara. Aka bar manhajojin sa ido biyu, Zabbix da Prometheus, a fili.

Abin da kwamiti ya tsayar, kuma taron watan Mayu ya amince da shi, shi ne a raba aikin biyu. Sa ido kan na'urori daban, lissafin kasuwanci daban. Inda na'urorin suka fi yawa rauta ce ta kamfanin MikroTik da swich (na'urar haɗa kwamfutoci) da inbata, ga rassa a nesa da intanet mai zuwa da ɗaukewa, a yi amfani da Zabbix. Inda mamba ke kula da manhajar da aka rubuta wa kamfani, a yi amfani da Prometheus. Ciniki, kuɗin makaranta da adadin marasa lafiya kuwa, wurinsu PostgreSQL, wato manhajar ma'ajiyar bayanai. Grafana, manhajar zana alƙaluma, na iya karanto dukkansu ta nuna a allo ɗaya, saboda haka mai kamfani ba zai ga bambanci ba.

Na san akwai waɗanda har yau suke ganin an ƙara musu aiki ne. Da sun halarci bitar da muka yi bayan babbar salla da ba su faɗi haka ba. Wannan bita ita ce abin alfaharinmu a bana, kuma ina so a rubuta ta yadda ta faru. Kwana biyu muka yi, ɗakin ya cika har sai da aka aro kujeru, ɗalibai daga Jami'ar Bayero da kwalejin kimiyya da fasaha suka zo da kwamfutocinsu, ga kuma 'yan uwanmu mata da suka zo da yawan da ba mu taɓa gani ba. Injiniyan da ya jagoranci ranar farko bai tsaya dogon bayani ba. Ya haɗa sabar biyu a gaban kowa, ya ce ɗaya hedikwata ce ɗaya kuma reshe, sannan ya zare wayar da ke tsakaninsu. Prometheus shi ke zuwa ya ɗebo bayani daga na'ura lokaci-lokaci, don haka duk mintocin da wayar take a zare sai suka fito a allo a matsayin giɓi, kuma bai cike su ba bayan an mayar. Ƙaramin wakilin Zabbix, wato 'yar manhajarsa mai tara bayani, da aka ɗora a reshen kuwa ya ci gaba da tara nasa a can, ana mayar da waya ya turo su gaba ɗaya. Nan take aka ji ɗakin ya ɗauki kabbara. Duk wanda ya sha wahalar ranar 14 ga Maris, lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ya san amfanin abin da ya gani.

Rana ta biyu ta fi armashi, domin wani Alhaji mai kantunan magani da muka gayyato ya tashi ya yi tambayar da ke ran mutane da yawa. Ya ce tunda Prometheus na zana masa yawan cinikin awa-awa da kyau, me ya sa ba za a bar masa lissafin a ciki ba? 'Yar uwarmu da ke kula da ma'ajiyar bayanai ta amsa masa dalla-dalla. Ta ce ranka ya daɗe, in ba a canza masa saiti ba, kwana 15 kawai yake riƙe bayani ya goge. Ko an tsawaita, an gina shi ne don ya gaya maka sabar na numfashi ko ta shaƙe, yana ƙiyasta abin da ya faru tsakanin ɗiba da ɗiba, shi ya sa za ka ga ya ce an yi ciniki goma sha biyu da ɗigo huɗu. Masu shi da kansu sun rubuta cewa bai dace da lissafin kuɗin da ake bukatar daidaito ɗari bisa ɗari ba. In an dawo da kaya, ko yaron kanti ya shigar da farashi ba daidai ba, babu hanya mai sauƙi ta komawa a gyara. Zabbix ma in bayani ya tsufa yana dunƙule shi ne zuwa mafi ƙanƙanta, matsakaici da mafi yawa na kowace awa, wanda ya isa a gane zafin ɗakin sabar amma bai isa a kai wa mai binciken kuɗi ba. Ta kuma ja kunnen matasa kan saka lambar wayar kwastoma a matsayin alamar rarrabe bayanai cikin Prometheus, domin kowace lamba sabon layin bayanai take buɗewa har ƙwaƙwalwar sabar ta cika, ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 a gefe. Alhaji ya ce ya gamsu, ma'aunin zafin jiki ba ya zama littafin bashi. Shi ne ya biya kuɗin abincin ranar. Allah ya saka masa da alheri, da duk waɗanda suka ɗauko janareta da mai daga aljihunsu.

Yanzu sai abin da bai yiwu ba. Sabar haɗin gwiwa da aka yi alkawarin kafawa, wadda za ta riƙa karɓar bayanan na'urorin mambobi ta adana su na tsawon shekaru, har yau ba ta tashi ba. Na ji ana cewa kwamiti ne ya yi sanyi. Kwamiti ya gama nasa tun kafin damina ta yi nisa: cikin manhajojin adana bayanai na dogon lokaci, ya gwada Thanos ya ga sassansa sun yi wa 'yan sa-kai yawa, ya duba InfluxDB ya ga an sauya harshen tambayarsa daga siga zuwa siga, ya tsaya a kan VictoriaMetrics saboda fayil ɗaya ne ake kunnawa. An ba mu kyautar sabar, an ba mu wurin ajiye ta. Abin da ya rage faifan ajiya ne da batir, kuma su ba a sayensu da fatan alheri. Duk lokacin da ma'aji ya karɓo farashi, kafin kuɗin su taru ya tashi. Wutar rukunin A, wato na masu samun lantarki mafi yawan awoyi a rana, kuma ta koma naira 225 kan kowane yunit a watan Afrilu, wanda ya rushe lissafin da muka gabatar muku a Janairu.

Maganar gaskiya, fiye da rabin sunayen da ke rajistarmu ba su biya kuɗin shekara ba, wasu ma tun bara. Ni da ma'aji mun kira, mun tura saƙo, mun bi wasu har wurin aikinsu. Akwai wanda bai taɓa zuwa taro ba a bana, amma ranar da rautar kwastomansa ta ƙi tashi shi ne farkon mai neman agaji a zaure da tsakar dare, kuma waɗanda suka biya ne suke amsa masa. Mu ma muna da iyali da wurin aiki.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Oktoba. Lokacin da layukan wutar da ke ciyar da Arewa suka lalace muka kwashe kwanaki a duhu, mambobi da yawa sun gano cewa manhajar sa idonsu na zaune a ɗaki ɗaya da sabar da take gadi. Batir na ƙarewa suka mutu tare, ba wanda ya rage ya aiko da faɗakarwa. Da sabarmu na tsaye a kan sola a wani wuri daban, da ita za ta fara sanar da su. Wannan duhun ne kuma ya hana taron watan.

Littafin jagora na Hausa kan kafa Zabbix ya tsaya a babi na uku, domin biyu daga cikin waɗanda suka karɓi babi ba su kawo komai ba. Duk mai so ya karɓa ya same ni bayan taro.

Kwamitin zartarwa ya yanke cewa wanda bai biya bashin da ake binsa ba kafin azumi mai zuwa za a cire shi daga zauren neman agaji har sai ya biya, kuma kuɗin da suka fara shigowa faifan ajiya za a saya da su kafin komai. Ma'aji zai karanta sunaye da abin da ake bin kowa a taro na gaba.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya