Na biya Niyok haraji, na biya a gida, amma resi guda ne a hannuna

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina gaishe ka tare da dukkan ma'aikatan jaridarku, Allah ya ƙara basira. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan wani abu da ya same ni, wanda na san ba ni kaɗai ba ne, duk mai sana'ar hoto a Maradi da ya taɓa sayen kaya ta intanet ko dai ya ɗanɗana ko yana hanya.

Ni mai ɗaukar hoto ne, buki da suna da walimar sauka, wani lokaci hawan sallah in an samu mai ɗaukata aiki. A wani buki a unguwar Zariya wani yaro ya yi tuntuɓe da ƙafar kamara ya kayar min da ita, kamarar ta tsira amma idonta, abin da mu masu sana'a muke ce ma objektif, ya tsage. Na zagaye babbar kasuwa ban samu irin shi ba, na aika Kano aka ce sai na hannu kuma kuɗin da sunka faɗi ya kusa na sabo. To ina da ƙane a Niyok, wato birnin New York na Amurka, yana tuƙin taksi, munka yi shawara ya saya min ta intanet a kai gidanshi, in an samu mai tahowa a ba shi ya riƙo min. Kuɗin abin dalar Amurka 800 (na ce ta Amurka don kar wani ɗan garinmu ya zaci dala tamu ta sefa biyar ce, da dai haka ne da na sayi goma).

Kafin nan maigidana da ya koya min aiki, wanda ya daɗe yana sayo kaya daga can, ya ba ni wata dabara, ya ce kar ka yarda ka saya a kantin da yake jiha ɗaya da ƙanenka, ka nemi kantin wata jiha, in ka yi haka ba a cire maka harajin ciniki. Na bi maganarshi tsaf, munka nemo kanti a wata jiha can nesa, amma da ƙanena ya zo wajen biya sai ya turo min hoton allon wayarshi a WhatsApp, ga dala 71 an ƙara a ƙasa, an rubuta haraji. A lokacin dala ɗaya tana wajen sefa 600, ka ga jika 42 da ɗoriya ke nan, kuɗin aikin suna biyu a wajena. Na ce mishi kai an yi kuskure ka kira su, ya yi dariya ya ce Yaya ai wannan dabara ta mutu tun tuni.

Maigida bai yi ƙarya ba, labarinshi ne ya tsufa. A Amurka babu irin TVA tamu, harajin nan na kan kayan saye da gwamnatin ƙasa take sawa bai ɗaya, kowace jiha ita ke yanka nata harajin ciniki, birni ma ya ɗora nashi a kai, shi ya sa a birnin Niyok in an haɗa duka yake kama kashi 8.875 cikin 100, ka lissafa da 800 za ka ga 71 ɗin nan cif. A shekarar 1992 kotun ƙolinsu ta yanke hukunci a shari'ar kamfanin Quill da jihar Dakota ta Arewa, ta ce jiha ba ta da ikon tilasta ma ɗan kasuwa ya karɓar mata haraji sai in yana da kanti ko sito ko ma'aikata a cikinta. Lokacin ba a ma fara cinikin intanet sosai ba, ta gidan waya ake odar kaya. Da intanet ta bunƙasa sai wannan hukunci ya zama ƙofa, kuma masu sayen kamara suna cikin waɗanda sunka fi morarta tunda kayanmu tsada gare su, kashi 8 na kamara ba kashi 8 na sabulu ba ne. A takarda dai ko a lokacin doka ta ce mai saye ya kai ma jiharshi harajin da kanshi, amma Malam Edita ka san ɗan Adam, wa zai ɗauki ƙafa ya kai kuɗin da ba a tambaye shi ba.

A watan Yuni na 2018 kotun ta juya maganar a shari'ar Dakota ta Kudu da kamfanin Wayfair, alƙalai 5 sunka rinjayi 4. Dokar Dakota ta Kudu da kotun ta duba cewa ta yi duk wanda ya sayar ma mutanen jihar kayan da sunka wuce dala 100,000 a shekara, ko ya yi ciniki sau 200 da su, to dole ya karɓi harajin ya miƙa ko da bai taɓa taka jihar ba. Sauran jihohi sunka bi sahu. Yanzu abin da ake dubawa shi ne inda kaya za su sauka, kanti ya kasance ko'ina. Jihohi 5 ne ba su da harajin ciniki na jiha, Oregon da Delaware da Montana da New Hampshire da Alaska, shi ya sa za ka ga kamfanonin da ke karɓar ma mutanen waje kaya su tura musu suna yawan ba da adireshi a Delaware ko Oregon. Kuma in kantin ya aiko kayan kai tsaye zuwa Nijar ba a cire wannan haraji, sai dai kuɗin aikowa ya cije ka. Ni da na bi ta gidan ƙanena kuwa kuɗin sun tahi ke nan, Niyok ba ta maido ma baƙo haraji a filin jirgi kamar yadda ake yi a Faransa.

Da farko na ji haushi wallahi, garin da ban taɓa shan ruwanshi ba ya ci jika 42 nawa. Amma da na huce sai na ga alƙalan nan suna da hujja. Ka ɗauki mai kantin kamara a ƙaramin gari, yana biyan haya yana biyan yara yana karɓar haraji, mutum ya shigo ya taɓa kamara ya gwada ta ya sha mishi kai da tambaya, sannan ya koma gida ya saya a intanet don ya tsira da kashi 8. Irin wannan ke faruwa a nan ma, akwai Alhazan da ke da shago suna biyan fatanti da komi da komi, ga kuma samari masu talla a Facebook da kayansu ke shigowa cikin jakar matafiyi ko a bayan babur ta wajen Jibiya da Dan Isa, ba shago ba takarda, dole farashinsu ya yi ƙasa. Ban ce ni waliyyi ba ne, ni ma na sayi batir da memori a hannunsu ba sau ɗaya ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne rabi na biyu na labarin. Mai tahowar da muke jira tafiyarshi ta fasa, dole munka ba wani ɗan tsakani mai haɗa kayan mutane yana turowa. Da kaya sunka iso ya kira ni ya ce in turo kuɗin fito, ya faɗi wani adadi da ya sa na zauna. Na ce Malam nawa ne na duwan nawa ne na TVA nawa ne ladanka, ya ce a'a shi a dunƙule yake karɓa. Na ce to resi fa, ya ce kayan mutum talatin ne a takarda guda ba zai yage ta ya raba mana ba. Na biya, ya zan yi, ana jirana da aiki. Har yau ban san ko sefa nawa ne cikin kuɗin nan ya shiga baitulmalin Nijar ba, mai yiwuwa duka, mai yiwuwa rabi, Allah masani.

Na san TVA a ƙasarmu kashi 19 ne, Najeriya maƙwabciyarmu kashi 7.5 tun 2020, kuma na san ba a kan kuɗin sayen kaya kaɗai ake lissafa ta ba, ana haɗawa da kuɗin ɗauko su da kuɗin duwan sannan a cire. Kuɗin duwan ɗin kuma mataki-mataki ne gwargwadon irin kaya, ga 'yan ƙananan kason da ake ɗorawa a gefe, har da kashi 0.5 na AES, ƙawancen Nijar da Mali da Burkina Faso, da anka kawo a 2025. Duk wannan rubuce yake, amma da Faransanci cikin manyan takardu masu lambobi, mai hoto da ya tsaya a firamare ko makarantar allo ina zai gano layin da objektif ya faɗa? Na Amurka ya yi min zafi amma na gan shi da idona kafin a danna biya, da na ga dama da na fasa. Na gida kuwa sai kaya sun zo hannun wani sannan za ka ji, lokacin wuƙa da nama suna wajenshi.

Roƙona gare ku Malam Edita, ku tura wakilinku ya zauna da masu duwan (kwastam) da masu lanho (haraji) na nan Maradi, su yi mishi lissafi da misali, a ce ga kamara ta jika 500, ga filash, ga kwamfuta, ga waya, nawa kowane zai biya in ya shigo ta jirgi nawa in ta mota, kuma wace takarda ya kamata ɗan tsakani ya damƙa ma mai kaya. Ku buga shi da Hausa a shafi guda yadda za mu yanke mu manna a bangon shago, gidajen rediyo ma su ɗauka su karanta. In kuna buƙatar hotuna don rahoton ni zan ɗauka muku kyauta, objektif ɗin yana nan yana aiki lafiya lau, kuma yanzu in zan kafa kamara a gidan buki sai na sa yaro guda ya tsare min ƙafar.

Na gode, a huta lafiya.

Naku mai karatu,
wani mai ɗaukar hoto, Maradi